Ranar Da Iska Ta Tsaya A Kaskon Tsohuwa

Shekara uku a jere manyan jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa suna janye jiki daga tsibirin Sent Odil. Da jirgi huɗu ke tsayawa a mako, aka koma biyu, aka koma ɗaya ran Alhamis, shi ma kamar dole aka yi masa. Merlina Prosper, wadda ta shekara goma sha tara tana jan bas mai kujera sha huɗu daga bakin tasha zuwa cikin tsibiri, ta san dalili ba sai an gaya mata ba. In fasinja ya koma jirgi akan ba shi takarda ya ba tashar maki, kuma bakinsu ɗaya: gari ƙarami, coci ɗaya, kasuwa ɗaya, yashin bakin teku baƙi ƙirin, masu talla sun cika naci. Wata ma ta rubuta cewa abin da ya fi burge ta a Sent Odil shi ne komawarta jirgi. Fitzroy, shugaban ƙungiyar direbobi, ya karanta musu wannan a rumfar tasha, aka yi dariyar yaƙe, kowa ya kama gabansa.

Sai Tsohuwa ta kawo ɗauki. Haka suke kiran dutsen da ke zaune a tsakiyar tsibirin da rawanin gajimare a kanta. A kafaɗarta ta yamma akwai wani kwari mai zurfi, zagayayye kamar ƙwarya, da tafkin ruwan ɗumi a gindinsa, shi ne Kaskon Tsohuwa. Tun kaka da kakanni ruwan launin laka ne, ba mai zuwa sai masu ciwon gwiwa. A watan Satumba aka yi wata 'yar girgizar ƙasa da ko kofi ba ta fasa ba, washegari ruwan ya wayi gari shuɗi mai haske, kamar an dama bula da madara, yana ta ɓulɓulo da ƙananan kumfa. Wani fasinja ya ɗauki hoto, hoton ya zaga duniya. Kafin Kirsimeti duk wanda ya sauko daga jirgi tambayarsa ɗaya ce: ina ruwan shuɗin nan?

Makin tasha ya tashi. Mata masu sayar da koko da gyaɗar ƙamshi suka sake fentin teburansu. Merlina ma ta sauya tayoyin bas ɗinta guda huɗu a rana ɗaya, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Mai gadin Kaskon ƙanin mahaifinta ne, Tonton Ignas, tsoho siriri mai shekara saba'in da ɗaya, wanda ya yi shekara talatin yana share matakalar siminti talatin da biyu da ke gangarawa zuwa bakin ruwan. Wata Litinin cikin Janairu ta kai masa burodi da kifin gishiri da sassafe, ta same shi tsaye a bakin matakala da fitilar ƙwai a kunne, ya ɗaure ta a kan doguwar gora.

"Tonton, fitila bayan gari ya waye? Ko idon ne ya fara sallama?"

"Idona ya fi naki, mara kunya. Ajiye kwanon nan ki biyo ni. Inda na tsaya ki tsaya."

Suka sauka har tsakiya. Ya miƙa gorar a hankali, fitilar tana gangarawa gabansu mataki bayan mataki, harshen wutar tsaye lafiya lau. Da ta kai mataki na bakwai daga ƙasa sai wutar ta tsuke, ta mutu mus, kamar an matse ta da yatsa. Babu ko ɗigon iska a wurin.

"Kananzir ne ya ƙare," in ji Merlina.

Ya janyo, ya sake kunnawa, ya sake miƙawa. A daidai wurin ta sake mutuwa. Sai a lokacin ta lura da abin da ke zube a bakin ruwa: tsuntsaye kusan goma, da ƙaguwa, da wani ƙaton ɓera kwance a gefensa kamar mai barci. Babu jini, babu rauni, ko ƙuda bai sauka a kansu ba.

"Tsohuwa ce ke fitar da numfashi," in ji shi. "Ba shi da wari, ba shi da launi, amma yana da nauyi, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa a kwano. In hantsi ya yi, iskar teku ta taso, sai ta share shi, baƙinku su zo su yi wanka ba su san komai ba. Makon jiya a mataki na biyar yake."

"In iskar ba ta taso ba fa?"

Ya nuna mata tsuntsayen da bakin gorar.

"Ka gaya wa Fitzroy?"

"Na gaya masa. Ya ce in riƙa kwashe tsuntsayen kafin ƙarfe tara, wai baƙi ba sa son ganin mushe."

Daga nan ba ta zame ko'ina ba sai rumfar tasha. Ta tarar direbobi suna wasan domino, Fitzroy ya kafa hularsa a ƙeya, yana dukan tebur kamar zai tsaga shi.

"Ga 'yar gidan mai fitila!" in ji shi tun kafin ta buɗe baki. "Ma Merlina, ke ma ya nuna miki dabon nasa?"

"Ba dabo ba ne, Shugaba. Da idona na gani."

"Ni ma in na sha abin da yake sha da safe, har aljanu zan nuna miki," in ji wani direba mai suna Desmond, aka bushe da dariya.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi, Desmond. Rabon tsohon nan da kwalba tun kana yawo ba wando," in ji Merlina.

Fitzroy ya ajiye domino, ya jawo ta gefe, ya rage murya. "Saurara, 'yar'uwa. Mutumin gwamnati ya zo a Oktoba da na'urorinsa, ya ce lafiya ƙalau."

"Oktoba daban, Janairu daban."

"Gata, ran Alhamis, jirgin da zai zo ba irin wanda kika sani ba ne. Mutum dubu huɗu da ɗoriya. A cikinsa akwai matar da kamfani ya turo, ita za ta ce a ci gaba da tsayawa a nan ko a share mu daga taswira. Shekara uku muna lasar gishiri, yanzu da tuwo ya iso baki sai ki ce mu rufe? A bari Alhamis ta wuce. Ran Juma'a ni da kaina zan ɗauko miki masana, har da limamin coci in kina so."

Ta fita. Ta buga waya ofishin da ke lura da dutsen, wata murya mai sanyi ta ce masanin yana wani tsibiri, sai nan da mako biyu, amma an rubuta saƙonta.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce, iskar teku tana tasowa a kan lokacinta. Merlina ta riƙa tsintar kanta tana kallon ganyen kwakwa kamar mai jiran baƙo. Masunta suka ce ruwa ya yi ɗumi a bakin kogi, kifi ya ƙaura can nesa. Mahaifiyarta, wadda ke zaune tare da ita a ƙauyen Fon Kako, ƙasa kaɗan da Kaskon, ta ce ruwan famfo ya koma ɗanɗanon ƙarfe. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Ran Alhamis gari ya waye shiru. Teku ta kwanta kamar mai a faranti. Tutar ofishin tasha ta langaɓe a jikin sandarta, hayaƙin masu gasa kifi ya miƙe sama sak, bai karkata ko'ina ba. Jirgin ya shigo da ƙarfe bakwai, fari fat, ya fi hasumiyar coci tsawo nesa ba kusa ba, inuwarsa ta rufe rabin kasuwa. Makaɗa suka fara dukan gangunan ƙarfe, 'yan mata masu rigunan gargajiya suka jeru da murmushi. Zufa na tsattsafo wa kowa tun rana ba ta ɗaga ba.

Merlina ta yi niyyar cewa bas ɗinta ta lalace. Amma Fitzroy ya zo da kansa, riƙe da hannun wata doguwar Baturiya mai furfura da ɗan littafi.

"Ga Madam Kirsten. Ke za ki ja gaba, motarki ta fi tsabta, bakinki ya fi daɗi." Ya sunkuyo kunnenta. "In kin ga dama."

Ta dubi jerin motoci goma sha bakwai da ke bayanta. In ba ita ce a gaba ba, Desmond ne. Ta buɗe ƙofa.

Suka kama hawa da mutum goma sha uku, tawul a wuya, ƙamshin man rana ya cika motar. Madam Kirsten tana gaba kusa da ita, tana rubutu ko a kan kwana.

"Madam, wai me fasinja ke nema ne a wuri irin namu?"

Matar ta yi ɗan murmushi. "Abin da ba su da shi a gida. Amma kada ya taɓa su."

Merlina ta rage gudu. Sai ta gaya mata komai, da murya ƙasa-ƙasa, idonta a kan hanya: fitilar, tsuntsayen, mataki na biyar da na bakwai. Madam Kirsten ta daina rubutu.

"Akwai takardar hukuma a kan wannan?"

"Babu."

"Wani ya taɓa faɗuwa?"

"Tukuna."

Matar ta rufe littafinta. "To, zan gani da idona," ta ce.

Da suka kusa, Merlina ta sauke gilashi. Dajin da kullum ke cike da hayaniyar tsuntsaye da gyare ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan injin. Ganye ko ɗaya ba ya motsi. Ƙofar sama ta shiga Kaskon a buɗe take. Kujerar Tonton Ignas na nan, da kofin kokonsa a kai, rabi, amma shi ba ya nan.

Ba ta shiga filin ajiye motoci ba. Ta juya bas ɗin ta gicciye a kan siririyar hanyar, hanci a jikin dutse, baya a bakin rami, yadda ko keke ba zai wuce ba. Ta zare makulli ta jefa a rigarta.

"Kowa ya zauna a mota!"

Ta ruga bakin matakala. Can ƙasa ruwan yana walƙiya, shuɗi, kyakkyawa, bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Tonton Ignas yana kwance rub da ciki a wajen mataki na sha huɗu, hannunsa ɗaya riƙe da sarƙa da kwaɗo. Akwai wata ƙaramar ƙofar ƙarfe a tsakiyar matakalar da aka daina rufewa shekara da shekaru. Ita ya sauka zai kulle.

Baƙin ba su zauna a mota ba. Wani saurayi da budurwarsa suka zo da gudu suna dariya, suna shirin wuce ta. Ta fizgo yarinyar ta gashin kai, ta tokare saurayin da ƙirji.

"Duk wanda ya sauka ya mutu! Kun ji ni? Ya mutu!"

"Ai mutum ne ya faɗi, a taimaka masa mana!" wani ya ce, ya yunƙura.

Wani ƙaton dattijo mai jan wuya ya sha gabansa. Ya leƙa ƙasa, ya dubi tsuntsayen da ke zube, fuskarsa ta sauya. "Ku ja baya duka. Shekara talatin na yi ina aikin kashe gobara, na san wannan." Ya juyo ga Merlina. "Kina da igiya?"

Akwai igiyar jan mota a ƙarƙashin kujerar baya. Dattijon ya ce shi zai sauka, ta ce a'a, in ya faɗi ba mai iya jawo shi, ita kuwa tun tana yarinya take nutso a teku tana ɗebo katantanwa, ta san riƙe numfashi. Ya ɗaura mata igiyar a ƙugu da ɗauri irin nasu, ya sa maza huɗu suka riƙe.

"Ko ƙirjinki zai fashe kada ki shaƙa. In kin kama shi ki ja igiya sau ɗaya."

Ta yi alamar gicciye, ta cika huhu sau uku, ta sauka da gudu. Babu abin da ta gani, babu abin da ta ji, sai idonta da ya fara yaji da wani ɗumi da ya lulluɓe mata ƙafafu ya hau har wuya. Ta juya tsohon, ta cusa hannuwa ƙarƙashin hammatarsa. Ba shi da nauyi, kamar damin kara. Leɓensa ya yi shuɗi. Ta fizgi igiya, aka fara ja, tana hawa da baya, dugadugansa na bugun matakala ɗaya bayan ɗaya. Ƙirjinta ya kama wuta. Ta ƙirga biyar, ta ƙirga shida, ta ga kamar ta fita, sai ta ɗan buɗe baki. Abin ya shiga mata kamar an watsa barkono a hanci, duniya ta yi baƙi.

Ta farfaɗo a kan kwalta, kanta kamar ana sara da gatari, Madam Kirsten tana yi mata fifita da littafinta. Gefe guda dattijon ya durƙusa yana danna ƙirjin Tonton Ignas, yana hura masa iska a baki, gumi na zuba daga haɓarsa. Bayan bas ɗinta motoci sun yi layi har kwana, ana ta matsa oda. Mutane sun sauko sun kewaye su, sun hau kan duwatsu, kusan kowa ya ɗaga waya sama.

Fitzroy ya kutso yana haki. Ya ga tsohon, ya ga sarƙar da har yanzu ke hannunsa, fuskarsa ta yi fari kamar toka. Amma da ya juya ga baƙin sai ya ɗaga hannuwa.

"Ku kwantar da hankali, jama'a! Tsufa ne, zuciyarsa ce ta…"

"Fitzroy," in ji Merlina daga inda take kwance. Muryarta ba ta fita sosai, amma ya ji. "Ƙarasa. Ƙarasa in ji."

Bai ƙarasa ba.

Iskar teku ba ta taso ba ranar sai bayan ƙarfe biyu. Tonton Ignas bai farka ba. Ya cika a asibitin gari wajen la'asar. Da ƙarfe biyar daidai jirgin ya yi kukansa mai girgiza tagogi, ya ja da baya, ya juya, fasinjoji jere a saman bene suna ɗaga wa gari hannu.

Bayan kwana huɗu masana suka zo da na'urori da abin rufe fuska. Suka ce a safiyar nan muguwar iskar ta kai mataki na goma sha tara daga ƙasa, kuma da motocin nan sun sauke mutanensu, da sai dai a kwashe gawa da babbar mota. Aka kewaye bakin matakalar da waya, aka kafa allo mai jan rubutu. Gari ya yi jana'izar tsohon, coci ta cika har waje. A hanyar dawowa daga maƙabarta wasu suka riƙa rungumar Merlina, wasu kuma suka kau da kai, don kowa ya ɗauka jirgi ya tafi ke nan har abada, kuma a ganinsu bas ɗinta ce ta kore shi.

Mako uku bayan haka Fitzroy ya zo gidanta a Fon Kako da rana, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ya ƙi zama.

"Saƙon kamfani ya iso," ya ce. "Ba mu taɓa samun maki irin na ranar nan ba. Tun da aka gina tashar."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Wallahi. Sun ce ba za su manta da Sent Odil ba. Hotunan sun fi na ruwan shuɗin yawo. Kamfani zai ƙara jirgi na biyu, kuma za a gina dandamali a saman kwarin, da shinge, mutane su riƙa leƙawa daga nesa. Ba mai sauka. Madam ɗin ce ta sa wannan sharaɗi." Ya murza hular. "Suna tambayar matar da ta sauka da igiya. In za ki riƙa tsayawa kina ba da labari, ke za ki faɗi abin da za a ba ki."

"Labarin wa? Nawa ko na wanda ka ce ya kwashe mushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba na barci, Merlina."

"Shi yana yi," ta ce, ta rufe ƙofa.

Aka gina dandamalin cikin wata biyu, da katako mai kyau da wurin sayar da lemo. Merlina ta ci gaba da ɗaukar fasinja, amma kasuwa da bakin tekun arewa kawai take kai su. In an ce Kasko sai ta nuna motar Desmond. Mutanen Fon Kako kuwa kasuwa ta buɗe musu, don ta ƙofar gidajensu motoci ke wucewa. Kowa ya fito da tebur, ana gasa masara, ana fasa kwakwa.

Wata safiya cikin Afrilu tana shanya kaya a bayan gida, ta ɗaga kai ta dubi gangaren da ke tsakanin bakin kwarin da ƙauyen. Duk kore ne shar kamar kullum, ban da wani zirin da bai fi faɗin hanya ba, inda itatuwan koko suka zubar da ganye suka tsaya tsirara. Zirin ya faro daga leɓen kwarin, ya biyo kwazazzabon da ruwan sama ke bi. Ta sa ido a kansa kwana goma. Ranar farko ya tsaya a gonar Ma Selestin. Rana ta goma ya ƙetare ta, ya shiga ta gaba, saura gona biyu ya iso filin makaranta.

Ta bi gida-gida ta faɗa. Ta sake buga waya ofishin, aka ce za a turo mutum, kuma an turo, ya auna, ya ce ana sa ido, in akwai dalilin tashi za a sanar. Wasu suka saurare ta, wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta.

"Mu tafi ina, Ma Merlina?" in ji maƙwabciyarta, tana juya masara a kan garwashi. "Yanzu da muka fara ganin haske?"

Ran Laraba ta cire kujerun bas ɗin, ta loda gadon mahaifiyarta, da tukwane, da keken ɗinki, da hoton Uwa Maryamu. Mahaifiyar ta yi ta faɗa, tana cewa a gidan nan aka kawo ta amarya, a nan za a fitar da ita. Merlina ba ta yi musu ba, ta ɗauke ta cak ta sa a kujerar gaba. Suka koma wurin ƙanwar Merlina a ƙarshen arewacin tsibiri, ɗaki ɗaya su uku. Gida shida suka biyo bayansu a cikin watan. Sauran arba'in da wani abu suka zauna, makaranta ma ba a rufe ba.

Washegarin ƙaurarsu Alhamis ce. Da ta gangaro tasha da safe ta tarar da jirgi biyu, ɗaya a bakin gada, ɗaya ya yi anga a waje yana aiko da mutane a ƙananan kwale-kwale. Motoci talatin da ɗaya ta ƙirga suna hawa hanyar Fon Kako, hanci da wutsiya, cike maƙil. Wata Baturiya mai faffaɗar hula ta leƙo tagarta da waya a hannu, ta nuna mata hoton wata mata da igiya a ƙugu, ta tambaya ko ta san inda ake samun matar nan.

Merlina ta dubi hoton. "Ta tashi daga nan," ta ce. "Kasuwa za ki, ko bakin teku?"